Hoton Layya Ba Rago

Kawuna ba ya ganin banza ya ɗauke kai. Ofishinmu na kago, wato aika kaya ta jirgi, yana unguwar Deira a Dubai, wani siririn shago da in kwalaye suka cika shi sai mutum ya shiga da gefe, amma rabin hankalin Kawu ba a nan yake ba. Yana can rumbunan Al Warsan, inda ake gwanjon kayan da Turawa suka bari in sun tattara sun koma ƙasarsu. Ya taɓa kawo mana injin gasa burodi da ba ya gasawa, da agogon bango mai tsayawa duk sanda ya ga dama. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ni ke awo a sikeli, ni ke ɗaure kwali, ni ke amsa waya, kuma bizata a ƙarƙashin shagonsa take. Da bizar nan nake ciyar da matata da 'ya'yana da mahaifiyata a Kano.

Ana gab da Babbar Sallah ya shigo da kwali cike da tsofaffin hotuna masu firam. Firam ɗin ya saya, don katako ne mai nauyi, ya ce za mu cire takardun mu sa ayoyi a ciki. Yana ɗaga na sama sai ya tsaya. Zane ne baƙi da fari a kan takarda da ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Dattawa ne masu gemu da dogayen riguna sun kewaye yaro a kan tebur, ɗayansu riƙe da wuƙa.

"Allahu akbar," in ji Kawu. "Ka ga hoton layya, ga Sallah a bakin ƙofa. Wannan ba banza ba."

Duk wanda ya tashi a Kano ya san hoton da yake nufi. Ana shimfiɗa irinsa a ƙasa a bakin masallacin Juma'a: Annabin da Allah Ya jarraba da yanka ɗansa, wuƙa a sama, mala'ika na saukowa da rago. Akwai shi a ɗakin mahaifiyata, sama da jeren kwanuka, tun ban san hannun dama ba. In Bahaushe ya ga gemu da wuƙa da yaro a hoto ɗaya, ba ya sake tambaya.

Ni dai na ce, "Kawu, ina ragon?"

"Rago yana hanya. Bature ne ya zana, ina ya san rago?"

"To waɗannan mutanen da suka yi yawa fa?"

"'Yan taya fiɗa ne. Yalla, miƙo mini ƙusa, ka cika surutu."

Ya kafa shi sama da sikeli, inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Washegari ya hau jirgi ya tafi gida yin Sallah, ya bar mini shago.

Muna da wani abokin hulɗa, dattijo ne fari, ɗan gajere, mai sayen zoɓo da citta daga Najeriya. Mu muke kawo masa samfur ta jirgin sama ya duba kafin ya yi odar kwantena. Kullum da hular hana-sallah yake zuwa. Wata rana ya cire ta zai share gumi, na ga wata 'yar ƙaramar hula manne a tsakiyar kansa, a nan na san Bayahude ne. Kawu yana ce masa Bayahudenmu, in ba ya nan. Ba ya cin kilishinmu, amma yana shan shayi a kofin takarda, yana ɗaukar dabino. Mutum ne mai sanyin magana, har yana tambayata jikin mahaifiyata.

Ranar da ya zo, da hantsi, ina tsugune ina farke kwali da 'yar wuƙar nan ta yanka salatif. Na miƙe na tarbe shi, na zuba masa shayi. Sai wata gwaninta ta zo mini. Na tuna malaminmu ya ce mu da su kaka ɗaya muka haɗa, Annabin nan na layya. Na ce bari in faranta wa baƙo. Na nuna hoton da hannun da wuƙar take, ina washe baki, na ce masa da Turancina na kasuwa, "Ka ga mutanenku nan. Saboda wannan muka kafa shi, kowa ya shigo ya gani ya tuna."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Jinin fuskarsa ya janye. Ya dubi hoton, ya dubi hannuna, ya dubi ƙofa, wadda kwalaye suka kusa toshewa. Ya ajiye shayin a kan sikeli a hankali. Ya ciro waya ya ɗauki hoton bangon, ya ɗan latsa wani abu, sannan ya fita da baya-baya, ko sallama babu.

Na daɗe a tsaye kamar an dasa ni. Daga baya na ɗora kyamarar wayata a kan zanen, na sa ta nemo mini irinsa. Bayanin da Turanci ya fito. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya kashe mini jiki.

Ba hoton layya ba ne. Tun wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, a ƙasashen Kiristocin Turai, ake sassaƙa zane a jikin katako ko farantin tagulla, a shafa tawada a buga a takarda, a sayar da arha ga masu ibada su kafa a ɗakunansu. Kamar dai namu na bakin masallaci, don wanda bai iya karatu ba ya gani da ido. Da yawa hotunan addini ne kawai. Amma akwai irin wannan, da aka yi don a yaɗa wani ƙazafi: wai Yahudawa suna sace ɗan Kirista su yanka shi su tari jininsa don idinsu. In yaro ya ɓace a gari, ko aka tsinci gawarsa a rafi, sai a kama Yahudawan garin, a gana musu azaba har su amsa abin da ba su yi ba, a ƙone su. Sannan a mai da yaron waliyyi, a buga hotonsa, hoton ya tafi gari na gaba ya jira wani yaron ya ɓace.

Na ɗaga kai na sake duba bangon. Yanzu na ga abin da idona ya tsallake. Akwai kwano a ƙarƙashin yaron. An miƙar da hannuwansa gefe da gefe kamar gicciye. Dattawan duk hancinsu ɗaya ne, dogo a lanƙwashe, an ƙara musu muni da gangan, kowa da hula mai tsini da wani zobe ɗinke a ƙirjin riga. Babu mala'ika, babu rago, babu ma wurin da rago zai tsaya.

Na jawo kwalin Kawu na duba sauran. Wani mata biyu ne, ɗaya a miƙe da kambi a ka, ɗaya an ɗaure mata ido da ƙyalle, sandarta a karye, allo na zamewa daga hannunta. Wayar ta ce ta farko coci ce, ta biyu addinin Yahudawa. Wani kuma Almasihu ne ɗauke da gicciye, masu tofa masa yawu duk da hancin nan da hular nan. Na mai da su na rufe kwalin.

Abin da na faɗa wa dattijon ya dawo mini kalma-kalma. Ka ga mutanenku nan. Da wuƙa a hannu. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wa zai yarda rashin sani ne?

Ƙasar nan tana da doka mai tsauri a kan cin zarafin addini, kowane addini, kuma duk baƙon da ke zaune a nan ya san ba a wasa da ita. Na leƙa shagon maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan Katsina da ya daɗe a Dubai, na rattaba masa komai cikin raɗa.

"Ya ɗauki hoto?" ya tambaye ni.

"Ya ɗauka, Alhaji."

"Khalas, shi ke nan." Ya kaɗa hannu. "Nan ba a kama mutum da hayaniya, ɗana. Kira za a yi maka cikin ladabi, a ce ka zo ana son ganinka. Daga can sai ɗaki, daga ɗaki sai jirgi, kuma ba ka ƙara shigowa. Allah Ya kiyaye. Amma don Allah kwana biyun nan ka rage shigo mini."

Na kira Kawu. Ina jin hayaniyar gida a bayansa, yara da ƙarar suya. Ya saurare ni har na gama.

"Kai wa ya aike ka? Hoto yana zaman zamansa a bango, ka ce sai ka yi tafsiri?"

"Kawu, kai ka kafa shi."

"Na kafa shi, na ce ka nuna wa mutane da wuƙa? Shwayya-shwayya dai, bi a hankali. Ka cire shi. Ni bari in ɗan ƙara kwanaki a gida, ƙafar nan tana damuna."

Tunda nake da Kawu ƙafarsa ba ta taɓa ciwo ba sai ranar. Na so in faɗa masa magana, na tuna ƙanin uwa uwa ne, na haɗiye. Balle shi yayan uwa ne, kuma shi ya yi mini biza.

Cire hoton ba wuya, rabuwa da shi ne aiki. Na zare takardar daga firam na sa ta tsakanin ɓallin kwali biyu. Kwandon shara na titi akwai kyamara a kansa. Wuta kuwa, a garin da ko turare ka cika hayaƙi sai ƙararrawar gini ta tashi, ba ta taso ba. Na sa ta a leda na hau abra, kwalekwalen hayar da ke tsallaka da mutane ƙoramar Deira, da niyyar in sake ta cikin ruwa. Muka je muka dawo tana kan cinyata. Duk wanda na kalla sai in ga ni yake kallo. Kuma wata zuciyar tana ce mini, in aka tambaye ka ina hoton ka ce ka jefar, ai ka nuna ka san laifi ne. Ƙarshe na tafi da ita ɗakinmu na haya a unguwar International City na tura ƙarƙashin katifa.

Sallah ta zo ta wuce ban san ɗanɗanon nama ba. Duk motar 'yan sanda da ta gifta sai gabana ya faɗi. In waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai in bar ta ta gaji. Wani mai kawo ruwa ya ƙwanƙwasa ƙofar shago da ƙarfi, na miƙe har na ture sikeli. Matata ta kira ta nuna mini yara cikin kayan Sallah, ƙaramar tana jujjuya rigarta, ni kuwa ina kallonta ina tunanin wace makaranta za a mai da su in na dawo hannu rabbana. Ta ce, "Maigida, ka rame." Na ce zafi ne.

A bas ɗin komawa gida, wata la'asar, babana ya faɗo mini a rai. Allah Ya ji ƙansa, falken goro ne, rabin rayuwarsa a kurmi ya yi ta. Kunnensa na hagu ba ya ji. Muna yara mun ɗauka haka aka haife shi, sai da na girma mahaifiyata ta faɗa mini. A wani gari da ya sauka yaro ya ɓace, sai wani ya ce ai Hausawan nan na zango suna yanka yara su yi tsafi. Kafin azahar an taru a kansu da sanduna. Wani tsohon maigidansa ne ya kwanta a kansa ya cece shi. Yaron kuwa da yamma aka gan shi a gidan kakarsa yana cin doya. Tun daga nan babana in ya shiga garin da ba nasa ba, ba ya wasa da ɗan kowa, ba ya sa hannu a aljihu. Hannuwansa biyu a waje yake tafiya, inda kowa zai gan su.

Su ba su da hoto, da baki suka yi nasu. Na yi tunanin da a ce wani ya zana babana da wuƙa da kwano, ya buga dubu ya raba kasuwa-kasuwa, ɗansa kuma ya shiga shago a wata ƙasa ya tarar da shi a bango. Na kuma tuna yadda a gida in mutum ya cika maƙo ko mugun wayo muke ce masa bayahude, ni ma na sha faɗa, ban taɓa ganin ko ɗaya ba sai wannan mai ɗaukar dabino. Duk da haka ba zan yi ƙarya ba, tausayinsa bai kai tsoron da nake ji wa kaina ba.

Ana nan sai samfurin zoɓonsa ya iso daga Kano. Dole in neme shi. Na kira bai ɗauka ba. Can sai ga saƙo: ba zai zo shago ba, mu haɗu gobe bayan azahar a tashar abra, a waje, inda mutane suke.

Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. A fili za a kama ni, a gaban jama'a. Da safe na yi wanka na sa riga biyu, don an ce ɗakin tsaro akwai sanyin esi. Na sa fasfo a aljihu. Na roƙi matata ta shiga ɗakin mahaifiyata ta ɗauko mini hoton layyar nan da waya, ta ce na mene ne, na ce kewar gida nake. Abokin ɗakina wani ɗan Ghana ne ɗan zongo, mai gadi a wani otal. Na ba shi lambar matata, na ce in la'asar ta yi bai ji ni ba ya kira ta, ya faɗa mata inda na je.

"Chale, me ka yi?" ya ce.

"Tafsiri na yi," na ce masa. Na ɗauki ledar da ke ƙarƙashin katifa da jakar zoɓon na fita.

Rana ta take, ƙarfen tashar ba ya taɓuwa. Na hango shi tsaye ya jingina da bango, ya ja hana-sallarsa har gira. Na duba hagu da dama ina neman 'yan sandan ciki, masu farar kandura, rigar Larabawan nan, da ba su yi kama da fasinja ba. Kowa ya yi mini kama da su. Na ƙarasa har gabansa.

Na ajiye jakar zoɓon a ƙasa. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ciro waya na buɗe hoton ɗakin mahaifiyata na miƙa masa. Ga Annabi, ga yaro, ga mala'ika, ga rago fari ƙato, har gefen kwanukan tsohuwa ya fito. Na ce, "Wannan muka ɗauka. Wallahi wannan muka ɗauka. Na tambayi Kawu ina ragon, ya ce yana hanya."

Ya karɓi wayar. Ya daɗe yana kallo, ya buɗa hoton da yatsu ya ƙura wa ragon ido. Sai ya yi wani sauti, ban san dariya ba ce ko kuka, ya zauna a kan dakalin tashar duk da zafinsa.

"Mu ma muna da labarin nan," ya ce. "Da ragon."

Na miƙa masa ledar. Ya leƙa ciki bai fito da takardar ba. Ya ce kakarsa takan ba su labarin irin wannan hoton, wai a garinsu na can Turai in lokacin idi ya zo ba sa barin ƙofa a buɗe, kuma in ɗan maƙwabta ya makara a waje su ma ba sa barci. Shi bai taɓa ganinsa a bango ba sai a shagonmu. Ya ce zai ajiye, kada a ƙone, gara a san an taɓa yin sa.

Na tattaro ragowar ƙarfina na ce, "Ranka ya daɗe, maganar 'yan sanda fa? Ina da yara. In ka riga ka kai musu hoton, don Allah ka faɗa mini in shirya."

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba.

"'Yan sanda? Ban kai wa kowa ba." Ya nuna mini tasa wayar. "Matata na tura wa. Na ga hoton, na ga wuƙa a hannunka, na ga ƙofa a toshe. Na tura mata da sunan shagon, don in ban koma gida ba ta san inda na shiga."

Ni da ko kaza ba na iya yankawa sai na kau da kai. Na so in ba shi labarin kunnen babana, na so in ce masa ni ma akwai wanda ke riƙe da lambar matata yana jiran la'asar. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka yi haƙuri."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wayata, ya ɗauki jakar zoɓon da ledar, ya juya ya ɗaga hannu. Na bi hannun da kallo. A inuwar wani shagon lemo, tsallaken titi, wata dattijuwa ce tsaye da ɗankwali, ta riƙe waya a ƙirji da hannu biyu, babban yatsanta a kai. Ashe matarsa ce, tun zuwana tana nan. Ya sake ɗaga mata hannu alamar lafiya lau. Ba ta sauke wayar ba, kuma ba shi take kallo ba, ni take kallo.

Hanyar shago ta gabanta ta bi. Na mai da wayata aljihu, na fito da hannuna da sauri. Na wuce ta a hankali, riga biyu sun jiƙe sharkaf, hannuwana biyu a waje inda za ta gan su.